Arzika Mai Walda da Garin Faladiyom

Shekara talatin da ɗaya rumfar Arzika mai walda tana jingine da katangar gidana, a bakin hanyar da ke fita daga Dakoro zuwa Kornaka. Ƙarfe bakwai da kwata yake tada injinsa, ya kashe in an kira azahar, ya sake tadawa bayan la'asar. In ka tambayi mutanen unguwa abin da ya kashe shi, za su ce maka basir. Ba basir ba ne. Na fi kowa sanin haka, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta.

Asalinsa ɗan maƙeran Ajekoriya ne. Ubansa da kakansa hauya da gatari da lauje suka ƙera, shi ma a gindin zugazugi ya buɗe ido. Yunwar 1984 ta watsa garinsu, manoma suka daina sayen hauya, sai ya gangara Maraɗi ya yi shekara huɗu a garejin wani yana koyon walda. A 1988 ya zo nan da tsohon inji ɗaya da matarsa Halimatu. Ya yi amalanken jakai, da ƙyamaren shaguna, da gadajen ƙarfe, da ƙarafan da makiyaya ke rataya guga a bakin rijiya. Gajere ne mai faɗin ƙirji, hannuwansa duk tabon tartsatsi. Ba ya awo da mita, da taƙi yake yi, kuma ban taɓa ganin ƙyauren da ya yi ya ƙi shiga ƙofarsa ba. Ni kuwa a makarantar mishan ta Maraɗi na yi karatu, inda ake buge mana yatsu in layi ya karkace, na kuma koyar da kimiyya a kolejin garin nan har na ajiye aiki. Saboda haka ya sa mani suna Mushe Santimita, Mushe kuwa da Faransanci ne, yadda ake kiran malamin boko a nan.

Ɗiyarsa ta fari, Rahinatu, an haife ta a 1989. Yaran yanzu da ke ɗaukar hoto rungume da ɗan fari ba za su gane abin da zan faɗa ba sai na yi bayani. A gidan su Arzika ba a kiran sunan ɗan fari. Ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a zama tabarma ɗaya da shi, ba a ci abinci yana kallo. Ana yaye Rahinatu aka kai ta wurin kakarta a Kornaka, ba ta dawo ba sai da ta shekara goma sha biyu za ta shiga koleji. Tun daga ranar har ya koma ga Allah, Arzika bai kira ta da komai ba sai "mutuniyar Kornaka". In ta gaishe shi, ƙarfen da ke hannunsa yake amsa wa. Wanda bai san mu ba zai ce ƙiyayya ce. A shekararta ta farko a ajina ya yi mata teburin karatu na ƙarfe, da ɗan wurin rataya fitila, ya shafe shi da koren fenti, sannan ya roƙe ni in sa a kai mata in ce lekwal, wato makaranta, ita ta ba ta. Na faɗa mata haka. Ta shafa gindin teburin inda waldar take, ta ce a yi wa lekwal godiya.

Ta ci jarrabawar birbe, ta ci ta bak, ta tafi jami'a a Yamai ta karanta shimi, wato ilimin haɗa sinadarai. A 2016 ta sami bursu, wato tallafin karatu, ta tafi Faransa yin digirin dokta. Tunda ba ta iya kiran ubanta su yi hira, ni take aiko wa saƙo ta waya, wani lokaci da murya, wani lokaci da takardun aikinta. Shi kuma in ya kashe inji sai ya zagayo zaurena, ya zauna, ya yi ta zancen tsadar ƙarfe, can sai ya ce, "Mushe, an ce ana sanyi ƙasashen can." Ma'anarsa in karanta masa.

Wata rana cikin watan Maris na 2017 muna zaure da hantsi, Agali yana dafa mana shayi. Agali Buzu ne mai sayen tsoffin ƙarafan mota, abokin wasan Arzika tun suna samari. Rahinatu ta aiko da dogon bayani kan aikinta, na juya musu shi da Hausa gwargwadon iyawata. Na ce akwai ciwon daji da ke kama babban hanji. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai wani furotin, masana na kiransa KRAS, aikinsa kamar makunnin fitila ne: ya kunna, ƙwayar ta rabu biyu, ya kashe. In ya lalace sai ya maƙale a kunne, ƙwayoyin su yi ta haihuwa ba tsayawa har su zama ƙari. Ita tana ƙera wasu ƙananan sinadarai da ake fatan za su shige wani lungu a jikin furotin ɗin su danne shi. Sinadaran kuwa da gutsattsarin karbon ake gina su, kuma gutsure biyu ba sa yarda su haɗu don kansu. Sai a zuba musu ɗan ƙanƙanin wani farin ƙarfe mai tsada, faladiyom, ya kamo wannan, ya kamo wancan, ya manna su.

Arzika ya ajiye kofinsa. "Wato walda take yi."

Na ce kusan haka.

"To ƙarfen nan shi ne bagetinta ke nan."

Bageti shi ne tsinken da mai walda ke narkawa tsakanin ƙarfe biyu. Yana narkewa ya zauna a cikin haɗin, ya zama jikinsa. Faladiyom ba haka yake ba. In ya haɗa gutsure biyu sai ya sake su ya kama wasu, in an gama kuma a tace shi a fitar, don ba a son ya saura cikin magani. Na buɗe baki zan gyara masa, sai na ga fuskarsa. Yana kallon ƙasa yana murmushi, ya ce a hankali, "Ashe dai maƙeriya ce." Shekara ashirin da takwas bai taɓa yabonta a gabana ba sai ranar. Na bar maganar yadda take.

Agali ya ce, "Faladiyom? Ai shi nike saye hannunka, maƙerin banza, kana zaune kan dukiya ba ka sani ba." Ya yi mana bayani. A bututun hayaƙin motocin da ake kawowa daga Kwatano akwai wata tukunya, a cikinta akwai wani abu kamar saƙar zuma, na farar ƙasa gasassa, an shafe ramukansa da ƙurar ƙarfen nan da wasu irinsa don su rage dafin hayaƙi. Direbobi kan kawo wa Arzika ya yanke tukunyar ya sa miƙaƙƙen bututu, shi kuma Agali ya kwashe saƙar ya aika da ita kudu. Arzika ya ce, "Ka ga Buzu, abin da kake sayarwa don tuwo, mu magani muke yi da shi." Muka yi dariya.

Jinin ya fara zubar masa a daminar shekarar nan. Wannan daga baya na sani. Ya ɗauka basir ne, kamar yadda kowa zai ɗauka, don wane mai aikin tsugune ne ba shi da basir? Ya sha jiƙon bagaruwa, ya sha na sabara, ya sayi ƙulli wurin masu magani ranar kasuwa. Ni abin da na lura da shi ɗamararsa ce. Ya huda mata sabon rami da ƙusa, bayan wata biyu ya huda wani. Cikin Fabrairun 2018, ranar da na ƙirga rami na uku, na tsare shi a rumfa ba kowa, na tambaye shi.

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma kafin ya faɗa. Jini, wani lokaci baƙi. Bayan gida ya zama siriri. Yau gudawa, gobe ya ɗaure. Ya ce ya je gidan likita sau ɗaya, ya tarar da yarinya sa'ar mutuniyar Kornaka a kan tebur, sai ya ce mata cikinsa ke murɗawa, ta ba shi ƙwayoyi ya dawo.

Na karanta alamomin nan a takardun Rahinatu ba sau ɗaya ba. Na ce masa, "Maƙeri, wannan ba lallai basir ba ne. Yana iya zama ciwon nan da yarinyar ke aiki a kansa. Bari in gaya mata, ta san likitoci a Yamai, ta san inda ake duba hanji."

Ya ɗago ya dube ni kamar na zage shi. "In gaya mata mi? Ina ne ke ciwon, Mushe? Faɗi wurin in ji."

Na kawar da kai.

"Kai ma ka kasa faɗi, ga ka da takarda. Sai ita za a buɗe wa bayan ubanta? Ɗiyar fari? Amana na ba ka. In ka ci ta, ka sa a ɗauke mani rumfa daga katangarka."

Na ce to mu je Maraɗi ni da kai, ba sai ta sani ba. Ya ce yana da amalanke shida da ya yi wa mutanen Ɗan Gulbi alkawari kafin ruwa ya sauka, in ya gama za mu je. Har na juya zan tafi ya ce, "Ka ce irin ciwon da take yi wa magani ne?" Na ce wataƙila. Ya gyaɗa kai ya ja gilashin waldarsa ya rufe fuska.

Da ya gama amalanken sai ya ce ya sami sauƙi, ya dace da wani magani. Na tambaye shi wane iri, ya ce na gida ne. Ya ɗan sake, yana zolayar Agali kamar da. Na so in yarda, sai na yarda.

Rahinatu ta zo hutu a watan Agusta, kwana goma sha takwas. Ta kawo masa sabon gilashin walda mai duhuntawa da kansa, ta ba ƙanenta ya miƙa masa. Ta gan shi daga nesa kamar kullum, cikin babbar riga, don kwanakin nan bai cire ta ba ko a rumfa. Ta tambayi uwarta, amma kunyar uwa ga ɗan fari ta fi ta uba, Halimatu ta ce aiki ne ya yi masa yawa, ta tashi ta shiga madafa. Ana jibi za ta koma ta zo zaurena ta durƙusa.

"Mushe, Baba ya rame. Lafiya yake?"

Na ce, "Shekaru ne, da zafin wuta."

Ta dube ni irin kallon da take yi mani a aji in lissafi bai fita ba. Sannan ta ce to, Allah ya ƙara lafiya. Ban taɓa yi wa ɗalibi ƙarya a kan abin da na sani ba sai ranar.

Agali ne ya tona asirin maganin, ba da niyya ba. Cikin Disamba ya zo yana mita. "Mushe, ka yi wa abokinka magana. Duk saƙar da zai ba ni sai in tarar an gutsure mata kusurwa. Na ce ko ɓera ne, ya ce ɓeran Dakoro haƙoran ƙarfe gare su."

Washegari da safe ban jira injin ya tashi ba, na zagaya rumfar. Na same shi a bayan tulin ƙarafa, da ɗan turmin ƙarfe tsakanin ƙafafunsa, yana daka gutsuren saƙar. Ga gwangwanin tumatir rabi da gari mai launin toka, ga ƙwaryar furarsa a gefe. Ya tankaɗe garin da tsumma mai laushi, ya ɗebi rabin ƙaramin cokali ya zuba a furar, ya dama. Bai ɓoye ba da ya gan ni.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun ranar da muka yi magana. Wata goma ke nan. Kullum kafin in karya."

"Don me?"

"Kai ka ce ciwon da take yi wa magani ne. Ka ce da ƙarfen nan take yi. Ga ƙarfen a rumfata. Mi ya kai ni in sa a tambaye ta?" Ya ɗaga ƙwaryar. "Maganinta ne nike sha, Mushe. Ba ta sani ba, ban ji kunya ba, kowa ya huta."

Na zauna a kan wata taya. Na yi masa bayanin da ya kamata in yi wata ashirin da ɗaya baya. Na ce ƙarfen ba ya cikin maganin. Yana haɗa gutsattsarin ne ya fita, kamar mai dalilin aure da ba ya kwana gidan amarya, kuma ana wahala ƙwarai wajen tace shi don kada ya bi maganin zuwa cikin mutum. Na ce abin da ke gwangwanin nan gasasshiyar ƙasa ce da tokar hayaƙin mota, ƙarfen da ke ciki bai kai a gani da ido ba, kuma ko da zallarsa ne ba zai taɓa ƙari ba.

Ya saurara har na gama. "Ka ce bageti ne."

"Kai ka ce."

"Ba ka musa ba. Kai da ko a tsawon ƙusa sai ka musa."

Ya dubi furar ya daɗe, sannan ya zubar da ita gindin katanga. Na ce yanzu sai mu kira ta. Ya ce amanarsa tana nan yadda ya ba ni. Na ce to Maraɗi. Ya ce in sanyi ya wuce. Ya kamata ranar in shiga ɗaki in ɗauki waya, ko da zai kwashe rumfarsa ya bar unguwar. Ban yi ba. An tashe mu a kan cewa maganar dattijo ba a tsallake ta, kuma na ji nauyinsa saboda kuskuren da na riga na yi masa. Sai na ƙara wata uku a kan wancan.

Ranar goma sha ɗaya ga Maris 2019 injin bai tashi ba. Kwana huɗu ke nan ba abin da ya fita daga cikinsa, ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, yana amai mai wari. Muka shimfiɗa shi a bayan motar Agali muka kama hanyar Maraɗi. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya ciji hannun rigarsa. Likitoci suka shiga da shi ɗakin tiyata a ranar. Da suka fito, babban cikinsu ya kira ni gefe ya yi mani bayani da Faransanci. Ƙarin ya toshe hanjin gaba ɗaya, ya manne da abin da ke kewaye da shi, ya kuma kai hanta. Ba su iya cire shi ba. Sun huda gefen cikinsa na hagu sun fito da bakin hanji, an manna masa jakar roba, ta nan zai riƙa bayan gida har iyakar kwanansa. Ya tambaye ni me ya sa ba mu zo da wuri ba.

A farfajiyar asibitin, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, na kira Rahinatu. Na faɗa mata duka, har da gwangwanin. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni sunan wurin da ƙarin yake, da abin da aka gani a hanta, da watan da jinin ya fara. Sannan ta ce, "A watan Agusta na tambaye ka, Mushe." Na ce haka ne. Ta kashe wayar.

Ta iso Dakoro kwana biyu bayan an sallamo shi. Ta tarar da gidan cikin wani hali. Jakar tana son a sauya ta, a wanke bakin hanjin, a shanya fatar, a yanka sabuwa daidai faɗin wurin a manna. An nuna wa Halimatu a asibiti, amma idonta ya yi rauni, jakar na yoyo, fatar ta soma ɗayewa. Ƴaƴansa maza da sun shiga sai su fito da gudu. Shi kuma da ya ji an ce mutuniyar Kornaka ta sauka, ya ce in ta taka ɗakin nan zai tsige jakar ya jefar, ya kuwa rantse.

Ta kwana ɗaya tana jin nishinsa ta bayan bango. Da gari ya waye ta aiko a kira ni. Na same ta a tsakar gida sanye da farar rigar da take aiki da ita a labo, ɗakin gwaje-gwajensu, ta rufe baki da hanci da ƙyalle, ta sa safar roba, ta ɗaure kanta da farin ɗankwali. Maganar farko ke nan da ta yi mani tun ta waya. Ta ce, "Ka shiga ka ce masa an aiko ma'aikaciya daga asibitin Maraɗi."

Na shiga na faɗa. Ta shigo bayana da tasa da ruwan ɗumi. Arzika ya dubi idanunta, irin nasa ne sak, ya dubi hannuwanta. Ba wanda aka ruɗa a ɗakin nan. Can ya juyar da fuska wajen bango, ya ɗage rigarsa da kansa, ya ce, "Sannu da zuwa, Madam. An sha hanya."

Ta ce, "Yawwa, Malam Arzika. Ina ne ke maka zafi?"

Ya faɗa mata. Ya faɗi wurin da sunansa.

Haka aka yi wata uku da kwanaki. Kullum da hantsi Madam ta zo, ni in zauna bakin ƙofa. In ta gama ta fita ta cire rigar a ɗakin uwarta, ta koma mutuniyar Kornaka, wadda ba ta shiga inda yake. Ta rubuta wa malamanta ta ɗage karatun. Ta sa aka riƙa kawo jakunkuna da maganin zafi daga Yamai. Fatar ta warke, warin ya tafi, har ya iya zama a ƙofar ɗaki ya sha iska, ko da yake idanunsa sun soma yin rawaya kuma ƙafafunsa na kumbura.

Abin da ban zata ba shi ne surutunsa. Da Madam ba ya jin nauyin komai. Ya ba ta labarin yunwar 1984, da yadda uwarsa ta dafa musu ganyen jiga. Ya koya mata yadda ake gane walda mai kyau da kunne, kafin a duba. Yana zolayarta: "Madam, almakashin nan naki ko yaron teloli ba zai karɓa ba, ki kawo in wasa maki." In ta auna bakin hanjin da ƴar takardar awo sai ya ce, "Ke ma ɗalibar Santimita ce? Ku yi da taƙi mana." Ita ma ta saba, tana ce masa ya cika gardama, tsofaffin Maraɗi sun fi shi jin magana. A wata ukun nan ya yi mata maganar da ta fi ta shekara talatin, duk fuskarsa na wajen bango.

Ranar Lahadi, talatin ga Yuni, an yi ruwa da asuba, ɗakin da sanyi. Muryarsa ta riga ta yi ƙasa. Tana cikin manna jakar ya ce, "Madam, ina da wata a ƙasarku ta masu karatu. An ce tana ƙera maganin ciwon nan. Da na aika mata, da ya yi mani?"

Hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "A'a. Abin da take ƙerawa bai zama magani ba tukuna. A kan ƙwayoyin da ke cikin faranti ake gwada shi, ko ɓera bai kai ba. Cikin ɗari da ta haɗa, wataƙila ɗaya ya yi wani abu, wataƙila babu. Ko ya yi, sai an shekara goma ko fiye."

"To ashe ban yi asarar komai ba."

Na yi fatan ta bar shi a nan. Ni da na bar shi. Amma ita ba ta iya barin lissafi a karkace, kuma ya tambaya. Ta danne gefen jakar da yatsa ta zagaye, ta ce, "Da ta ji tun daminar da jinin ya fara, da ta sa an kai ka an duba. Lokacin ƙarin ƙarami ne. Da an yanke wurin an haɗa hanjin an ɗinke. Ba a rantsuwa a kan rai, amma da yawa waɗanda aka yi wa haka suna nan suna aikinsu."

"Yanka da haɗi kawai?"

"Shi ke nan."

Ta wanke hannu ta tattara kayanta cikin tasa. Ina jin ɗigar ruwa daga indararo. Ta miƙe za ta fita, sai ya ce, "Madam."

"Na'am."

"Wagga magana ta tsaya nan ɗakin. Kada ki bari mutuniyar Kornaka ta ji. Tana da sa abu a rai."

Ta tsaya riƙe da tasar, bayanta na wajensa. Ta ce, "Ba za ta ji ba."

Ya rasu bayan kwana tara, ranar Talata da hantsi, Madam tana ɗakin.